Inda Zan Sauka

'Yan'uwana ɗalibai, cikina ya kai wata 7, gidanmu kuwa a Suleja ya rabu biyu a kan inda zan sauka. Surukata ta ce gida, a hannun ungozoma, domin 'ya'ya 8 ta haifa a ɗaka lafiya lau. Ni kuwa na ce asibiti.

Ba raina ungozoma na yi ba. Amma tun a makarantar mishan aka koya mana, zubar jini bayan haihuwa ya fi kome kashe masu jego, yana iya gamawa da mace cikin awa 2. Ungozoma kuwa ba ta ƙarin jini, ba ta tiyata.

To, abu uku na duba, watau likita da dare, da jini a ajiye, da kusanci. Asibitin Koyarwa na Gwagwalada ya fi girma, amma naƙuda ba ta jiran mota. Saboda haka na zaɓi Babban Asibitin Suleja, inda nake zuwa awo.

Daga ƙarshe surukata ta yarda, muddin ita za ta yi mini wankan jego. Na ce, "Na ji, Inna, sai dai a rage kanwa a kunu."