Buhu Hamsin, Motoci Biyu

Duk wanda ya tashi a Wurno ya san cewa ba sanyi ne ke fara shelar shigowar hunturu ba, warin albasa ne. Da zarar an fara cirar ta fari a fadama, sai ka ji shi a riga, ka ji shi a masallaci, har a jikin takardar kuɗi ma sai ka ji shi. Baƙo ya san garinmu ne da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi ribaɗi a nan, ya kuma rasu a nan a 1837. Amma 'yan kasuwar Kurmi ba tarihi suka san mu da shi ba. Da albasa da tafarnuwa suka san mu, mu da maƙwabtanmu na Goronyo da Raba, waɗanda ruwan Gulbin Rima da na Gulbin Sakkwato suke ciyar da mu gaba ɗaya.

Ni dai malamin makaranta ne a Sakkwato, alli na sani. To amma a ƙarshen daminar 2021 Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, ya bar mana albasar da ya dasa da wuri, ya kuma bar maganar auren ƙanwata wanda aka riga aka sa wa rana. Da yake ni ne babba, sai kaya ya faɗo a kaina. A cikin watan Disamba muka cire albasar, aka ɗura, ta ba da buhu hamsin cif. Inna ta dube ni ta ce, "To, ga gadon yarinyar nan da kwanoninta a hannunka." Ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Mai karatu, bari in ɗan yi maka bayani, domin idan ba ka san halin albasar fari ba, ba za ka gane wautar da na tafka ba. Albasar da ake cirewa a tsakiyar rani ana barin ta ta sha iska, wuyanta ya bushe, sannan a jera ta a rudu ta yi watanni. Ita kuwa ta fari ɗanya ce shar, wuyanta da ruwa, ba don ajiya ake cire ta ba, sai don a riski kasuwa tun tana da yunwa, kafin albasar Aliero da ta sauran wurare ta kwararo farashi ya karye. Ke nan agogo biyu ne suke bugawa a kanta: ga na ruɓa, ga na kasuwa. Dillalin da mahaifinmu ya saba da shi a kasuwar Mile 12 ta Legas ya bugo waya ya ce, in har kayan za su iso cikin kwana uku zuwa huɗu, to za mu yi dariya.

A nan ne zaɓi ya zo. Ga ƙaramar mota, wato J5 ɗin nan da kowa ya sani da dakon kayan gwari. Ita tana iya gangarawa har kusa da bakin gona, a yi lodi da hantsi, kafin azahar ta kama hanya, ba ta jiran kayan kowa. Sai dai cikinta kaɗan ne, buhu hamsin sai an yi mota biyu, kuma kuɗin da aka yanka mini a kan kowane buhu ya kusa ninka na babbar mota. Ga kuma babbar mota, Daf mai bodin katako, wadda ke tsaye a bakin titi. Ita arha ce, domin kuɗin mai da na hanya ana raba shi ne a kan buhuna ɗaruruwa. Amma fa kayana ko rubu'in cikinta ba su kai ba. Dole sai an haɗa da na wasu, kuma ba ta tashi sai ta cika.

Na ɗauko biro da takarda, na zauna a zaure na buga lissafi irin namu na 'yan boko. Abin da ya fito ya nuna mini cewa idan na bi babbar mota, rarar da zan samu ta isa ta sayi katifa. Ina cikin murna sai ga Kawu, ƙanin Inna, wanda ya yi shekaru yana bin motar albasa tun ina goye. Na miƙa masa takardar. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya miƙo mini abata.

"Ɗana, wanga lissahi naka ya yi kyau. Amma ina wurin da ka rubuta kwana?"

Na ce, "Wane kwana kuma, Kawu? Ai ɗan kamasho ya ce gobe da yamma za ta tashi."

Ya yi murmushi ya ce, "Tun da nike ban taɓa jin ɗan kamashon da yac ce jibi ba. Kullum gobe ta. Ka sa ta ƙaramar mota, ka biya, ka yi kwana lahiya."

Wallahi na ji maganarsa, amma katifar nan ta riga ta shige mini rai. Na ce a zuciyata, tsofaffi dai ba su son a kawo sabon tsari. Aka kira 'yan dako, aka kwashe buhunan da amalanke zuwa bakin titi, aka shafa musu jan fenti na alama, aka loda. Har ina alfahari kayana ne suka fara shiga mota. Ban san cewa wanda ya fara shiga shi ne a ƙasa ba, shi zai ɗauki nauyin kowa, shi ne kuma iska ba za ta kai gare shi ba.

Gobe ta zo, mota ba ta kai rabi ba. Jibi aka ce ana jiran kayan wani Alhaji daga wajen Goronyo. Kayan nan kuwa ba su fito da wuri ba, domin a lokacin wata biyu ke nan kacal da harin da 'yan bindiga suka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, inda aka kashe mutane da dama. Babu mai yarda ya fito da kaya daga ƙauye da duhu, babu kuma direban da zai yarda ya tashi bayan magariba. Ba na ganin laifin kowa a nan, rai ya fi albasa. Amma dai sai a safiya ta huɗu motar ta ɗaga.

Na bi kayan da kaina, ina gaba tare da direba da karen mota. Wanda bai taɓa bin hanyar nan ba, ya sani tafiya ce ta kusan kilomita dubu: daga Sakkwato a bi ta Jega, a wuce Koko da Yawuri, a shiga Kwantagora, a gangara Mokwa, a tsallake gadar Jebba, sannan Ilori, Ogbomosho, Ibadan, kafin a ga Legas. Babbar mota da cikakken lodi ba ta gudu, a hawa kuwa har mai keke sai ya ba ta tausayi. Duk shingen da aka zo sai an tsaya, a yi 'yar magana. Ina zaune ina kallo J5 suna wuce mu fuu, ɗaya bayan ɗaya, kowacce ta wuce sai in ji kamar an mintsine ni. Bayan Kwantagora kuma taya ta fashe, muka kwana a nan.

Abin da ya ƙarasa ni shi ne iska. Mu a gida hunturu ne, busasshiyar iska mai sanyi, ita ce ma ta rufa mini asiri a kwanakin jira. To da muka tsallake Jebba sai iska ta sauya, ta zama mai ɗumi da laima. Muna tsaye a wajen Ogbomosho na zagaya bayan mota, sai na ga wani ruwa-ruwa yana ɗiga ta tsakanin katako. Na sa yatsa na shinshina. Ban ce wa kowa komai ba, na koma na zauna.

Kwana bakwai da ɗura albasa muka shiga Mile 12. Da aka zo kan buhuna masu jan fenti, sai da aka zazzage su duka aka tsince. Buhu hamsin suka koma talatin da huɗu. Kasuwar ma ta riga ta cika, farashin da aka faɗa mini a waya ya zama labari. Dillalin, dattijo mai kunya, bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Allah ya ji ƙan mahaifinka. Shi ta fari a ƙaramar mota yake aiko ta." An yi bikin ƙanwata a ranar da aka sa, amma da bashin da na ci a wurin aiki, wanda na yi kusan shekara ina biya. Katifar da na so in ci riba, sai ga shi a bashi na saye ta. Araha dai ba ta ado.

To ka san wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da rani ya yi muka haƙe tafarnuwa, ta bushe sarai, sai na ce wa Kawu wannan karon J5 zan kira, ko nawa ne. Ya yi dariya har da tafa hannu.

"Kai kuma ina zaka da gaggawa? Tafarnuwa ba ta sauri. Ko wata guda ta yi cikin mota ba abin da za ya same ta. Yanzu na lokacin babbar mota. Dauri ka yi rowa inda ba a rowa, yanzu kuma za ka yi ɓarna inda ba a ɓarna."

A ranar ne na gane cewa tun farko tambayar da nake yi ce ba daidai ba. Ina ta tambayar wace mota ta fi, alhali kayan ya kamata in tambaya: kwana nawa za ku iya jira? In tumatir ne, ko tattasai, ko ɗanyar albasa, ko kuma kasuwa ce za ta kuɓuce, to kuɗin da ka ƙara wa ƙaramar mota ba mota ka saya da shi ba, kwanaki ka saya. In kuwa tafarnuwa ce, ko shinkafa, ko albasar da ta sha iska, babbar mota ita ce hankali. Haka nan in kayanka kai kaɗai sun isa su cika ta, babu zancen jira, sai ta tashi lokacin da ka ce. Ita ma ƙaramar ba waliyyiya ba ce: ana danƙara mata abin da ya fi ƙarfinta, direba ɗaya ya kwana yana gudu ba barci, in tsautsayi ya faɗa kuwa, ba kaya kaɗai ake rasawa ba.

Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 a wurare da yawa cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, kuma jarabar bin araha ta ƙaru a zuciyar kowane manomi. Ni ma har yau ina buga lissafina da biro a zaure duk shekara, ban daina ba. Sai dai yanzu layin farko a takardar, kafin kuɗin buhu, kafin la'ada, kafin na 'yan dako, kwana nake rubutawa. In na gama kuma sai in kai wa Kawu ya duba.