Daga Ƙofar Ƙaura Zuwa Ƙofar Guga, Ina Duban Bayan Fijo

Na shigo Katsina ta Ƙofar Ƙaura da hantsi, lokacin hunturu, hazo ya sauko har ba a hango ƙarshen titi. Niyyata in ratsa birnin a ƙafa in ɓulla ta Ƙofar Guga, ina duban abin da ya saura na tsofaffin motocin Fijo, musamman ƙirar 504, wadda ta yi zamani a hanyar Kano. Sun yi ƙaranci, Keke Napep da motocin Japan sun cinye titi, amma mai natsuwa zai gan su: ɗaya a gindin darbejiya, ɗaya a garejin bakanike, wata ta sha lodin buhuna. Ni bayansu nake kallo, domin a nan ake gane irin riƙon da mota ta samu. Wani but ɗin an ɗaure shi da igiya, wani an yi masa walda an rataya kwaɗo kamar ƙofar shago, wani kuwa leɓen murfin ya lanƙwashe, alamar ranar da ya ƙi buɗuwa an sa masa ƙarfe an ɓanɓare. Wannan na ƙarshe shi ya fi damuna, kuma abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne cewa but ɗin tsohuwar mota idan ya cije, ƙarfi ne mafi tsadar hanyar buɗe shi, ko da yake shi ne yake kama da mafi araha.

Sai an san darajar motar kafin a ji zafin ɓarnar. A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa, ta zama gwarzuwar motocin Turai ta 1969, a 1975 kuma ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka, inda hanya ba ta da tausayi. A wannan shekarar ta 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, lokacin Katsina ba ta zama jiha mai cin gashin kanta ba, sai a 1987 aka cire ta daga jihar Kaduna. Gwamnatin soja ta Obasanjo ta mai da 504 motar manyan jami'ai, don haka ɗan Katsinan da ya girma a wancan zamani ya san ta a ƙofar gidan sakatare, ya kuma san wagon ɗinta a tasha tana lodin Kano ko Jibiya ko Maraɗi. Turai ta daina ƙera ta tun shekarun 1980, Kaduna ta ci gaba har bayan shekarar 2000, sannan ita ma ta tsaya. Ma'anar wannan a wurin mai motar yau ita ce, duk murfin but ɗin da aka lalata, ba sabo a kanti. Sai dai a ciro daga gawar wata motar, gawarwakin kuma 'yan gwangwan na ta auna su a sikeli suna tafiya da su.

Da na kai tsakiyar gari, wajen Ƙofar Soro, ƙurar da ta hau takalmina ta isa bayani a kan rabin matsalar. Kubar but ba wani abin mamaki ba ne: akwai gidan makulli mai ƙananan haƙora da siraran sifirin, akwai hannun ƙarfe da yake turawa, akwai ƙugiya da ke kama wani lanƙwasasshen ƙarfe a jikin mota. Iskar hunturu tana cusa ƙura mai laushi kamar garin tuwo cikin ramin makulli. Mai mota ya ji makulli ya fara tauri, sai ya ɗiga baƙin mai, man ya haɗu da ƙurar su zama kwaɓi, zafin bazara ya gasa shi, damina ta zo ta ƙara tsatsa ta wajen robar da ta tsattsage. Ɗaya rabin matsalar lodi ne. But ɗin da aka saba cika shi fiye da ƙima ana danna murfi da gwiwa, ƙugiyarsa takan goce daga saitinta, ko kayan ciki su tokare murfin daga ƙasa su ɗaure ƙugiyar tamau, har hannun ƙarfen ya kasa sakinta. Sai kuma makullin da ya shekara talatin yana shiga yana fita, haƙoransa sun side. Duk cikin waɗannan dalilai babu wanda guduma ke magani.

Abin da ƙwararren bakanike ke yi a jere yake, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Da fari yakan sa yaro ya danna murfin ƙasa da tafin hannu biyu, daidai saman kubar, shi kuma yana murɗa makulli a hankali, domin dannawar tana sauke nauyin da ke kan ƙugiya, kuma sau da yawa a nan zance ke ƙarewa. Idan makullin ne ya ƙi juyawa, sai a fesa man sassauta tsatsa ko a ɗiga kananzir, a bar shi ya jiƙa, a riƙa shigar da makulli ana fitarwa ana goge baƙin da yake fitowa da shi. Ba a kama makulli da filaya a murɗa, don in ya karye a ciki aiki ya zama biyu. Idan makulli na juyawa amma murfi bai motsa ba, to hannun ƙarfen ciki ne ya zame ko ya karye, sai a koma cikin mota a cire kujerar baya, a haska tocila ta ramukan ƙarfen da ya raba but da ɗakin fasinja, a zura dogon ƙarfe a taɓa ƙugiyar, ko a kwance notinan da ke riƙe da ita. In duk wannan ya faskara, a huda gidan makullin kansa da injin huda, a sadaukar da ƙaramin abu a tsira da murfi da fenti da saiti.

Na san abin da direban haya zai ce, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Zai ce: Malam, kai kana yawo kana kallo, ni fasinja na zage-zage, kayan mutane na ciki, jak da sifana na ciki, rana tana yi, wa ke da lokacin jiran kananzir ya jiƙa? A ganinsa mota jaka ce ta neman abinci, ba kayan gidan tarihi ba. Na yarda da rabin farko, lokacinsa kuɗi ne. Amma a yi lissafin har ƙarshe. Cire kujerar baya aikin ɗan lokaci ne, ba ya cin yini. Murfin da aka ɓanɓare kuwa ba ya sake zama daidai: za a kai wa mai gyaran bodi, a buga, a shafa foti, a yi fenti, duk da haka roba ba za ta sake kama shi ruf ba. Daga nan ƙura na shiga kan kayan fasinja, ruwan damina na kwanciya a ƙasan but yana cin ƙarfe, hayaƙin salansa kuma na iya samun hanyar kutsawa cikin mota, wanda ya wuce maganar kwalliya ya zama maganar lafiya. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Igiyar da aka ɗaura don a kai yau ita za a yi ta ɗaurawa ana kwancewa a kowace tasha har motar ta mutu, kuma ɓarawo ba ya buƙatar makulli a gaban igiya, reza ta ishe shi.

Akwai wata suka da ta fi wannan nauyi, wadda na yi ta juyawa a raina sa'ad da na bi ta gefen hasumiyar Gobarau. Mai sukar zai ce motar da ta haura shekara talatin ko arba'in kwananta ya ƙare, ana ta lallashinta ne kawai, gara a bar ta ta tafi. Amsata ita ce, abin da ya sa 504 ta kai yau shi ne an ƙera ta yadda hannu zai iya kwance kowane sashe nata ya mayar. Motocin yanzu da yawa but ɗinsu da lantarki yake buɗuwa, batir ya mutu ko na'ura ta rikice sai a nemi mai kwamfuta. Ita kuwa sukudireba da sifana da tocila sun isa. Wanda ya sa mata ƙarfe ya ɓanɓare ya zubar da wannan fifiko guda da take da shi a kan sababbi. Gobarau ɗin nan ginin ƙasa ce, ta ga ƙarnoni, kuma da yaɓe da gyara ta kawo yanzu, alhali ganuwar da ta kewaye birnin, da aka sake ta, yawancinta ta zube ko an gine wurin. Ba ina daidaita mota da hasumiya ba ne, ko kusa. Ina nufin dai a garin nan ba sai an koya wa kowa bambancin abin da ake kula da shi da wanda aka bari ba.

Kulawar ma ba ta da yawa, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin hunturu a wanke kubar da kananzir, a shafa giris kaɗan a kan ƙugiya, ramin makulli kuma a bar shi ba baƙin mai, garin bakin fensir ya fi masa, don ba ya riƙe ƙura. A yanko makulli na biyu tun na farko bai gama sidewa ba, domin mai yankan makulli abin da ka ba shi yake kwafa, har da lalacewarsa. Idan murfi ya fara buƙatar a maka shi sau biyu kafin ya kama, lokacin sassauta noti a gyara saiti ya yi.

La'asar ta kawo jiki lokacin da na iso Ƙofar Guga, inda hanya ke miƙewa zuwa Jibiya da iyakar Nijar. Wata farar 504 ta wuce ni a hankali, bayanta ya sunkuya saboda kaya, murfin but a ɗage, an zagaye shi da igiyar roba an ɗaure a bamba. Na bi ta da kallo don in ga ko kubar na nan, sai na hango rami kawai a inda take a da.