Gam ne ya kayar mini da jirgi

Shekarar da na gama lise, kawuna ɗan kasuwa ya kawo mini tsaraba daga Faransa: kwali cike da yankakken katakon balsa, da ƙaramin inji, da rediyon da ake sarrafa jirgin da shi daga ƙasa. Balsa, wanda akasari daga Ekwado yake fitowa, ko farce yana iya lotsa shi. Wannan laushi ya tsorata ni. Wata biyu ina harhaɗawa, ina malala gam ɗin epoksi ko'ina, musamman a wutsiya, wai don ya yi ƙarko.

Ranar tashi, a wani fili bayan garin Damagaram, jirgin ya ɗaga hanci sama, gudunsa ya mutu, ya rikito. Kawu bai ce uffan ba, abin da ya fi faɗa ciwo.

Daga baya na gane laifina. Wutsiya tana da nisa daga tsakiyar nauyi, ɗan gam a can yakan rinjayi gaba duka. Da na ɗora jirgin bisa yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga bakinsa na gaba, da na ga hanci bai sunkuya ba. Wurin epoksi shi ne katakon da ke riƙe inji da ƙafafun sauka. Sauran ɗigo ya wadatar.

Na biyu, da roba na ɗaure fiffikensa, don in ya daki ƙasa ya fice maimakon ya tsage. Sai dai ranarmu tana cin roba, nakan sake ta kafin kowane tashi.