Daga Gedambaliya Zuwa Dajin Dinder: Neman Barewa da Tarkon Hoto

A wannan fitowa za mu leƙa gabas, zuwa jihar Gadarif ta ƙasar Sudan, yankin da Hausawa suka sani tun zamanin da ake tafiya Makka a ƙafa da bisa jakuna. Da yawa daga cikin waɗancan matafiya sun yada zango a nan domin su yi noma su sami guzuri, daga baya zangon ya zama gida, har yau jikokinsu na nan suna jin Hausa da Larabci.

A yammacin birnin Gadarif akwai wani yanki da ake kira Gedambaliya. Fili ne shimfiɗaɗɗe iyakar ganin ido, ƙasarsa baƙar laka ce wadda ke tsagewa da rani har ƙafar jaki ta faɗa ciki, da damina kuwa ta kama tayar mota ta hana ta motsi. A nan ne, a tsakiyar shekarun 1940, Turawan Ingila suka fara noman dawa da tarakta domin samar da abinci a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Daga wannan gwaji noman inji ya bazu har ya mamaye miliyoyin kadada, Gadarif ta zama rumbun dawa da riɗi na Sudan baki ɗaya.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kafin zuwan tarakta, waɗannan filaye makiyayar namun daji ce. Da rani dabbobi kan taru a bakin koguna, idan damina ta sauka ƙasa ta yi caɓi sai su fito su bazu cikin fili su hayayyafa. Da gonaki suka cinye wurin da suke yin damina, sai suka rasa rabin rayuwarsu. Mai ratsa Gedambaliya a yau zai ga karan dawa da tumaki da raƙuma, amma da wuya ya ga barewa.

Wanda ke son ganin abin da ya rage sai ya nufi kudu, ya bi ta garin Hawata a bakin kogin Rahad, har ya kai gandun dajin Dinder da ke kan iyakar Habasha. An keɓe wannan daji a 1935, hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin wuraren da take kulawa da su a 1979, kuma faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 10,000. Kogin Dinder yana gangarowa daga tsaunukan Habasha da damina, da rani ya ƙafe ya bar tafkuna cikin yashi. A gefensa akwai goruba da tsamiya da ɓaure, can nesa kuma aduwa da dushe. Zuciyar dajin ita ce fadamun da mutanen wurin ke kira maya, inda ruwa da ɗanyar ciyawa kan daɗe. Nan kwanta-rafi da gwambaza da batsiya da ɓauna da mugun dawa ke taruwa, mazo kuma yana laɓe cikin duhuwar bakin kogi. Raƙumin dawa ya ɓace daga dajin a shekarun 1980, wata babbar barewa da masana ke kira da sunan Soemmerring ta riga shi ɓacewa.

To, ta yaya za a san abin da ya saura a dajin da hanyoyinsa ke rufewa watanni da dama kowace shekara, dabbobinsa kuma suka koyi gudun mutum? A nan ne tarkon hoto ya shigo. Wata ƴar kyamara ce da ba ta wuce tafin hannu biyu ba, ana ɗaure ta a jikin itace a tafi a bar ta, ita da kanta take ɗaukar hoto idan dabba ta gitta. A ƙarshen 2015 wani masani daga Jami'ar Oxford, Hans Bauer, ya kafa irin waɗannan kyamarori a gandun Alatash na Habasha, wanda ke manne da Dinder, suka ɗauko hotunan zakuna a wurin da masana na duniya ba su da tabbacin akwai su. Da labarin ya fito a farkon 2016, hankalin masu kare namun daji ya dawo kan wannan yanki.

Amma wannan na'ura tana da halinta, wanda bai san shi ba zai koma gida da labarin da ba haka yake ba. Yawancin waɗanda ke kasuwa an ƙera su ne domin mafarautan Amurka masu bin barewar ƙasarsu, mai ƙaho kamar rassan itace, a dazuzzuka masu sanyi. Abin da ke tayar da kyamarar wani ɗan ido ne a gabanta mai jin ɗumi. Idan wani abu da ɗuminsa ya bambanta da na bayansa ya motsa, sai ya ba da umarni a ɗauki hoto. A ƙasar sanyi jikin dabba ya fi iska ɗumi nesa ba kusa ba, saboda haka ganewa ba ta da wuya.

A ƙasar Gadarif kuwa, daga Maris zuwa Mayu zafi kan wuce digiri 40, alhali ɗumin jikin dabba bai wuce 38 ko 39 ba. Da tsakar rana kwanta-rafi na iya wucewa ta gaban kyamara ba ta farka ba, domin jikinsa da ƙasar da ke bayansa sun zama ɗaya a wurinta. Maganin wannan shi ne a ɗaga ƙarfin jin na'urar zuwa matakin sama, a kafa ta a inuwa tana kallon wuri mai inuwa, a kuma umarce ta da ta riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci ko da babu motsi, misali duk bayan minti 5 a bakin tafki.

Matsala ta biyu kishiyar ta farko ce: mutum ya dawo ya tarar da dubban hotuna babu komai cikinsu sai ciyawa. Busasshiyar ciyawar da rana ta gasa, idan iska ta kaɗa ta, kyamara kan ɗauke ta a matsayin dabba, kafin mako ya cika kati ya cika, batir ya mutu. Sai a sa lauje a share ƴan taku kaɗan a gabanta, a sare reshen da ke lilo. Kada kuma ta fuskanci gabas ko yamma, domin fitowar rana da faɗuwarta kan tayar da ita a banza, su kuma wanke hoton da haske. A juya ta arewa ko kudu.

Idan wutsiya ko ƙafar baya kawai ake samu, laifin na saurin na'urar ne ko na yadda aka kafa ta. Batsiya da barewa ba su jira. Kyamarar da ke buƙatar daƙiƙa guda kafin ta farka ta makara, a nemi wadda ke ɗauka cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. A ɗaure ta daidai tsayin gwiwa, tana kallon turbar dabbobi a karkace, yadda dabbar za ta daɗe a gabanta. Wanda ya ɗaure ta daidai ƙirjinsa, kamar yadda hannu ya saba, ƙananan dabbobi za su riƙa wucewa ta ƙarƙashin ganinta.

Da dare kyamarar na haskawa da wani haske da idon mutum ba ya gani sosai, hoton ya fito baƙi da fari. Akwai mai ɗan jan haske kamar garwashi, wadda ta fi kai wa nesa, akwai kuma wadda ba a ganin haskenta ko kaɗan, ita ce ta fi dacewa inda ake tsoron ɓarawo ko inda dabbobi ke da firgita. Idan hotunan rana na da kyau amma na dare sun yi duhu, a fara duba batir, domin hasken dare ne ke shan wuta. Batir na litiyam ya fi jure zafi da daɗewa, kuma ba a gauraya sabo da tsoho. Katin ajiya a goge shi a cikin kyamarar kanta kafin a tafi, a kuma daidaita kwanan wata da agogo, domin hoton da ba a san ranarsa ba shaidarsa ta ragu.

Sauran abokan gaba a fili suke. Ƙura kan rufe gilashi, tururuwa kan shiga ta ƙananan ramuka, goggon biri kan murɗe kyamara ya bar ta tana kallon sama, kura kan tauna ta. Akwatin ƙarfe da kwaɗo na maganin mafi yawansu. Wutar daji kuwa sai share ciyawar gindin itacen. Mai saye kada yawan adadin ƙwayoyin hoto da aka rubuta a kwali ya ruɗe shi, sau da yawa na'urar ce ke kumbura hoton. Sauri da ƙarfin jin ɗumi da ingancin murfi su ne abin dubawa. Mai aiko da hoto ta layin waya ba ta da amfani inda babu layi.

Akwai kuma hakkin mutane. Tafkin da dabba ke sha, makiyayi ma na shayarwa a nan, mata na ɗiban ruwa. Ya wajaba a sanar da masu gari kafin a kafa, a kauce wa wurin wanka, hoton mutum kuma idan ya shiga a goge shi, kada ya zama abin yawo a waya.

Dalilin wannan dogon bayani shi ne, a kan irin waɗannan hotuna ake yanke hukunci. Idan kyamarar da zafi ya makantar ta dawo babu komai, sai a ce dajin ya mutu, wanda ke jira da tarakta ko garke ya sami hujja. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 ya kai har garin Dinder a 2024, jihar Gadarif kuma ta cika da ƴan gudun hijira. Duk ranar da aka zauna lissafin abin da ya tsira, za a buƙaci shaida mai inganci.

Mu ma a nan gida muna da irin wannan amana. Gandun Gadabeji a jihar Maradi, wanda aka keɓe a 1955, yana da barewarsa, kuma a 2018 an mayar masa da raƙuman dawa daga yankin Kure. Zafinsa da ciyawarsa ba su da nisa da na Gadarif, don haka ɗalibanmu da ma'aikatan gandun daji na iya amfani da waɗannan dabaru kai tsaye. Allah Ya zaunar da Sudan lafiya, Ya ba mu ikon riƙon abin da aka bar mana.