Tsutsar da Ta Kasa Yin Saɓa

Kowa ya san ɗan ƙaramin ƙudan nan mai jajayen idanu da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro da ayaba. Ni dai a cikin dukan darussan kimiyya da nake koyarwa, babu wanda ke sa ni tunani kamar nasa.

Idan zafi ya kai digiri 25, ƙudan nan yakan kammala girmansa cikin kwana 10. Ƙwai ya ƙyanƙyashe bayan kwana ɗaya, tsutsa ta fito ta kama ci. Amma fatarta ba ta girma tare da ita, sai dole ta yi saɓa kamar maciji har sau 2, sa'an nan ta shige cikin ɓawo mai tauri, ta fito da fukafukai.

Abin da ke ba da umurnin saɓar wani sinadari ne cikin jininta mai suna ekdison. A 1954 Butenandt da Karlson na Jamus suka tace shi, inda kilo 500 na ƙwarin siliki suka ba su miligiram 25 kacal. Jikin tsutsar ne ke haɗa shi daga abin da ta ci, mataki-mataki, kowane mataki da ƙwayar gādo mai kula da shi. Ɗaya ta lalace, aiki ya tsaya. Waɗansu tun cikin ƙwai suke mutuwa.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce irin da masana suka bayyana a Amurka a 1977. Cikin sanyi lafiyarta lau. Amma idan aka ɗaga zafi zuwa digiri 29, sinadarin sai ya yi ƙaranci. Lokacin shiga ɓawo ya zo ya wuce, tana nan tana ta rarrafe kwana da kwanaki, har ta mutu tana tsutsa. Ba yunwa ta kashe ta ba, ga abinci a gabanta.

Ya ku 'yan aji shida masu barinmu bana, shekara 6 kuna cin karatu. Tsutsar nan ba ta da laifi, gādo ne ya tauye ta. Ku kuwa kuna da zaɓi. A waje babu ƙararrawar tashi, babu malamin da zai bi ku da bulala. Dogaro da mu ya yi muku kaɗan yanzu, kamar tsohuwar riga. Ku tuɓe shi tun kafin ku fita ƙofar makaranta. Allah ya ba da sa'a.