Kwana uku a bakin teku

Ƴan uwa manoma da makiyaya, na kwana uku a wani babban otel na Kap Sikirin, kudancin Senegal, wajen kilomita 70 daga Ziginshor. Wurin nesa yake da gari, sai rairayi, itatuwan kwakwa da ƙugin teku.

Nasaru na zuwa daga Nuwamba zuwa Afrilu, gudun sanyin ƙasarsu. Rana suke biya da kuɗinsu. In damina ta faɗi, sai otel ya yi tsit.

Bayan shingen otel kuwa, Jola manoman shinkafa ruwan sama suke roƙo. Ruwan teku gishiri ne: yana kashe shuka, bisa ba ta shan shi.

Duk yawan ruwan nan, bai kai rijiyar garinmu amfani ba. Mu kula da ita.