Daren Ƙarshe Na José Rizal

Ran 30 ga watan Disamba 1896, da misalin ƙarfe 7 na safe, aka fito da wani likitan ido daga kurkukun Fort Santiago da ke birnin Manila, aka tasa ƙeyarsa zuwa filin Bagumbayan, aka harbe shi. Shekararsa 35 da haihuwa. Sunansa José Rizal, shi ne kuwa mutanen ƙasar Filifin suka ɗauka babban gwarzonsu. Yadda ya mutu ba a gardama a kai, gama a bainar jama'a aka yi. Gardamar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tana kan abin da ya faru daren jajiberin, cikin ɗan ɗakin da aka tsare shi.

Laifinsa wurin Turawan Sifen, waɗanda suka mallaki tsibiran fiye da shekara 300, alƙalami ne. Ya wallafa littafin Noli Me Tangere a Berlin cikin 1887, da El Filibusterismo cikin 1891, inda ya fallasa zaluncin mahukunta da na waɗansu limaman Katolika masu riƙe da gonaki da wuyan talakawa. Ya kuma shiga ƙungiyar Firimason, wadda cocin ta haramta wa mabiyanta. Aka kore shi zuwa Dapitan a 1892. Da tawayen Katipunan ya ɓarke a 1896 sai aka ɗora masa alhakin, ko da yake bai goyi bayan ɗaukar makami a lokacin ba.

To, limaman Jesuwit, watau malamansa na makarantar Ateneo tun yana yaro, su ne suka yi ta shiga wurinsa ran 29 ga wata. Ɗayansu, Fada Vicente Balaguer, ya ce sun yi ta muhawara da shi har dare ya raba, daga bisani Rizal ya rubuta takarda da hannunsa, ya ce shi ɗan Katolika ne, ya janye duk abin da ya faɗa ko ya rubuta wanda ya saɓa wa cocin, ya kuma yi tir da Firimason. Balaguer ya ƙara da cewa da asuba ya ɗaura masa aure da Josephine Bracken, matar da suka zauna tare a Dapitan. Jaridun Manila suka buga kalmomin takardar nan da nan.

Amma ita kanta takardar fa? Iyalinsa suka nemi su gani, ba a nuna musu ba. Aka ce ta ɓata. Sai a 1935, bayan shekara 39, wani limami mai suna Manuel Gracia ya ce ya tsince ta cikin ma'ajiyar takardun babban bishop na Manila. Takardar da ta fi kowace daraja wurin cocin, a ce an ajiye ta an manta inda aka sa, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya ɗaga gira.

Masu musu ba su rasa abin kamawa ba. Ricardo Pascual ya gwada rubutun da sauran rubuce-rubucen Rizal, ya ce jabu ne. Rafael Palma, wanda ya rubuta tarihin Rizal, ya ce labarin bai yi kama da halin mutumin ba. Suka lura kalmomin da jaridu suka buga da na Balaguer da na takardar 1935 ba su zo daidai da juna baƙi da baƙi ba. Takardar shaidar auren kuma har yau ba a gan ta ba. Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta kabari. In da gaske ya koma cikin cocin, me ya sa aka binne shi a ɓoye a maƙabartar Paco, ba akwati, ba alama? Sai da 'yar'uwarsa Narcisa ta bi maƙabartu tana nema kāna ta gano wurin, ta sa aka kafa alama da haruffan sunansa a juye, R.P.J., don kada hukuma ta gane. Haka kuma waƙar ban kwana da ya ɓoye cikin ɗan risho ya ba 'yar'uwarsa Trinidad, babu nadama a cikinta ko kaɗan.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma ba da wofi suke tsaye ba. Waɗansu masana sun duba rubutun sun ce hannunsa ne. León María Guerrero, marubucin tarihinsa da ake girmamawa, ya yarda da takardar. A 2016 kuma masanin tarihi Rene Escalante ya fito da rahoton wani ɗan leƙen asirin gwamnatin Sifen, Federico Moreno, wanda ya ba da labarin abin da ya gudana a kurkukun ran nan. Rahoton ya ce Rizal ya rubuta wata takarda, ya sa hannu tare da hafsoshi biyu, Juan del Fresno da Eloy Moure, sunayen da ke jikin takardar 1935. Moreno ba limami ba ne, ba shi da riba cikin zancen. Abin mamaki, rahoton ya sa abin da rana, wajen ƙarfe 3, bai kuwa ambaci Balaguer ba sam. Watau shaidar da ta ƙarfafa takardar ita ce ta raunana babban mai shaidarta.

Dalilin da ya sa zancen ya yi zafi haka ba a ɓoye yake ba. Galibin mutanen Filifin 'yan Katolika ne, gwarzonsu kuwa ya yi suna da sukar limamai. A 1956, sa'ad da Sanata Claro Recto ya tsaya kai da fata a wajabta karanta littattafan Rizal a makarantu, shugabannin cocin suka yi ta adawa, amma dokar ta wuce. Kowane ɓangare yana son gawar ta zama tasa.

Wanda ya auna shaidun da idon basira zai fi karkata ga cewa Rizal ya sa hannu a kan wani abu. Mutum ne da bai taɓa musun Allah ba. Wasiƙun da suka yi ta musaya da Fada Pablo Pastells daga Dapitan sun nuna haka. Ga tsohuwar uwa, ga iyali da ake tsangwama, ga mace da zai bari ba igiyar aure. Ko a yadda cocin ta kawo takardar, zancen addini ne a cikinta, ba ta ce Sifen ta yi adalci ba, ba ta kuma wanke limaman da suka kori iyayensa daga gonakin Calamba ba. Hukuma ma ba ta ɗauke ta a bakin komai ba, tun da hukuncin da Gwamna Polavieja ya sa wa hannu bai canza ba.

A filin kisa ya roƙi a harbe shi yana fuskantar bindigogi, aka ƙi, aka ce ta baya ake harbin maci amana. An ce da harsashi ya same shi sai ya murɗa jikinsa, ya faɗi rigingine. An tone ƙasusuwansa a 1898, bayan mulkin Sifen ya kau, aka mai da su ƙarƙashin hasumiyar Luneta a 1912, kusa da inda ya faɗi.